Fashin baƙi: Yadda Girkawan dauri suka maida Sikitiyawa da sauran baƙi baibayi

A watan Nuwamban 2023 aka sauke wasu kayan tarihi fiye da 500 a birnin Kiyef, waɗanda jaridu suka riƙa kira "zinaren Sikitiyawa". Kayan sun kusa shekara 10 maƙale a wani gidan tarihi na Amsterdam. Aronsu aka yi daga gidajen tarihin Kirimiya, ana cikin baje kolinsu a 2014 Rasha ta karɓe yankin, aka rasa wanda za a mayar wa, har sai da kotun ƙolin Holan ta ce a miƙa wa Yukren.

Abin da labarin bai tsaya ya amsa ba shi ne: su wane ne waɗannan Sikitiyawa da ƙasashe biyu ke jayayya a kan gadonsu? Wanda ya buɗe tsofaffin littattafan Turai zai tarar da sunansu ya zama kirarin rashin imani, mutanen da ke shan jini, suna shan giya a ƙoƙon kan abokan gaba. To ta ina wannan suna ya manne musu, kuma nawa ne gaskiya a ciki, nawa ne ƙazafi? Amsar tana wurin Girkawa, domin su ne suka riƙe alƙalami.

Su wane ne Sikitiyawa?

Makiyaya ne mahaya dawaki da suka mamaye makeken filin ciyawar da ke arewa da Bahar Aswad, inda kudancin Yukren da kudancin Rasha suke a yau, daga wajen ƙarni na 7 zuwa na 3 kafin Miladiyya. (Shekarun zamanin Girkawa da za su biyo baya duk na kafin Miladiyya ne.) Danginsu sun bazu gabas har tsaunukan Altai, Farisawa kuwa Saka suke kiransu. Harshensu ɗan'uwan Farisanci ne. Iyalansu a cikin kekunan shanu masu rumfa suke kwana, abincinsu nama da nonon goɗiya, makaminsu ɗan gajeren baka da suke harbawa doki na sukuwa.

Ba su bar rubutu ba. Wannan shi ne ƙashin bayan maganar gaba ɗaya. Ba mu da waƙarsu ko tarihin da suka ba da na kansu. Abin da duniya ta sani game da su tsawon shekara dubu biyu, daga bakin maƙwabtansu ya fito, musamman Girkawan da suka kafa garuruwan kasuwanci a bakin teku, irin su Olbiya, suna kai musu ruwan inabi da man zaitun, suna sayo alkama da fatu da bayi.

Daga harshe abin ya fara

Kalmar da Girkawa ke kiran baƙo da ita ita ce barbaros. A kunnensu, wanda ba ya jin Girkanci in ya buɗe baki "bar-bar-bar" kawai yake yi. Mu ma muna da irinta, baubawa, kuma duk wanda ya taɓa jin an ce wa wani "yana gwaranci" ya san yadda maganar harshe ke zamewa ta koma raini ga al'umma sukutum.

Da fari dai kalmar ba ta da dafi sosai. A doguwar waƙar da tsohon mawaƙin Girka Homa ya yi a kan yaƙin birnin Taroy, mutanen Kariya ne kawai aka siffanta da masu baubawan harshe. Su kansu mutanen Taroy, waɗanda Girkawa suka yi wa ƙawanya shekara 10, waƙar ba ta maida su dabbobi ba. Suna bauta wa gumakan da Girkawa ke bauta wa, jaruminsu Hekta mutum ne mai kunya da son iyali, kuma da makokinsa aka rufe waƙar. Har ma Homa ya ambaci wasu mutanen arewa masu tatsar goɗiya, ya haɗa su da wata al'umma da ya ce ta fi kowa adalci.

Yaƙin Farisa ne ya sauya lissafi

A 490 rundunar Sarki Dariyus na Farisa ta sauka a Maraton, mutanen Atina suka kore ta. Bayan shekara 10 ɗansa Zaksis ya dawo da gayya, ya ƙone Atina, amma aka fasa jiragensa a Salamis a 480, aka ƙarasa sojojinsa na ƙasa a Filatiya a 479. Girkawa a lokacin ba ƙasa ɗaya ba ce. Ɗaruruwan birane ne masu cin gashin kansu, kullum cikin faɗa da juna, wasu ma bayan Farisa suka bi. Bayan nasara sai aka buƙaci labarin da zai ɗinke su, aka same shi: mu 'ya'ya ne masu bin doka, su bayi ne masu sujada ga sarki.

Shekara 8 kacal bayan Salamis, a 472, Eskilus, wanda shi kansa ya yi yaƙi a Maraton, ya kawo wasan kwaikwayo a kan Farisawa. Fadar Farisa ya ɗauko ya ajiye a dandalin Atina. Uwar sarki ta tambayi dattawan fada wane ne ubangidan waɗannan Girkawa, aka ce mata ba bayin kowa ba ne, ba talakawan kowa ba. A ƙarshe Zaksis ya shigo da yagaggun tufafi yana kururuwa. Masu kallo, da yawansu tsofaffin mayaƙa, suka ga abin da suke son gani: zinare da alatu da kuka irin na mata a gefe guda, talauci da jarumta a nasu gefen.

Akwai kuma lissafin aljihu. Atina ta kafa ƙawancen birane da sunan kare kai daga Farisa, tana karɓar kuɗi daga kowa duk shekara, daga baya ta kwaso baitulmalin daga tsibirin Delos ta kai gida a 454. Muddin ana son birane su ci gaba da biya, dole dodon ya ci gaba da zama dodo.

Sai dai baibayi iri biyu aka zana. Bafarishe ya yi wayewar da ta wuce kima har ta lalata shi. Basikitiye kuwa bai ma fara ba: ba birni, ba gona, ba haikali. Girkawa suka zauna a tsakiya, su ne ma'auni.

Abin da Herodotus ya rubuta

Mafi tsawon bayani a kan Sikitiyawa yana cikin kashi na 4 na tarihin Herodotus, mutumin Halikarnasus, garin da ake kira Bodrum a Turkiyya yanzu. Ya rubuta shi a rabin ƙarshe na ƙarni na 5, kuma mai karatu zai ga mutum ne da ke son labari kamar ransa.

Ga kaɗan daga abin da ya ce. Basikitiye yakan sha jinin mutum na farko da ya kashe a yaƙi. Yakan feɗe fatar kan abokin gaba, ya jeme ta da hannu har ta yi laushi, ya rataya a linzamin dokinsa yana goge hannu da ita, kuma wanda ya fi yawan irin wannan shi ne namijin duniya. Ƙoƙon kan babban maƙiyi a zarce shi daga gira, a lulluɓe bayansa da fata, mai hali ya shafe cikinsa da zinare, ya zama kofin da ake fito wa manyan baƙi da shi. In sarki ya mutu a shaƙe ƙwarƙwararsa ɗaya da mai dafa masa abinci da mai ba shi sha da mai kula da dawakinsa a binne su tare. Bayan shekara a sake shaƙe samari 50 da dawaki 50, a cusa musu ƙaiƙayi, a kafe su a kan sanduna kewaye da kabarin kamar masu gadi. Ba sa wanka da ruwa. Sukan kafa sanduna uku su rufe da bargon ulu, su sa jajayen duwatsu a ciki, su watsa irin wiwi a kai, hayaƙi ya turnuƙe, su yi ta ihu don daɗi.

Da an wuce Sikitiyawa an nausa arewa, sai labarin ya fara kama da tatsuniya. Ga mutanen da ke rikiɗa kyarkeci sau ɗaya a shekara, ga masu cin naman mutane, ga masu ido ɗaya da ke satar zinare daga wasu dodanni masu fukafukai. Haka ya yi da kudu ma. A cikin kashin nan na 4 ya ce Garamantawa, mutanen Fezzan ta Libiya, suna farautar wasu mazauna kogo a kan kekunan doki, mutanen da maganarsu kamar kukan jemage take. Gwargwadon nisanka da tekun Girkawa, gwargwadon raguwar mutuntakarka. A yi masa adalci dai, a wurare da dama yakan ce shi bai yarda ba, ya faɗi abin da ya ji ne, kuma batun masu ido ɗaya na cikin waɗanda ya ƙaryata.

Amma wannan mutumin dai shi ne ya ba da labarin da ya fi kowanne ɗaga darajar Sikitiyawa. Wajen 513 Dariyus ya haɗa gadar jirage a kan kogin Danub ya shiga ƙasarsu. Suka ƙi tsayawa. Suna ja da baya suna cike rijiyoyi, suna ƙone ciyawa, rundunar Farisa na bin ƙura. Da Dariyus ya gaji ya aika wa sarkinsu cewa ko ya tsaya a gwabza ko ya miƙa wuya. Sarkin ya ce shi ba gudu yake ba, haka yake yawonsa ko da zaman lafiya. Ba su da birni ko gona da za su ji tsoron a ƙone, amma in Dariyus na son faɗa ya nemo kaburburan iyayensu ya taɓa ya gani. Daga baya suka aiko masa da tsuntsu da ɓera da kwaɗo da kibiya 5. Dariyus ya ɗauka mubaya'a ce. Wani bafadensa ya ce a'a, cewa suke in ba ku zama tsuntsaye kun tashi ba, ko ɓeraye kun shige rami, ko kwaɗi kun faɗa tafki, kiban nan ne ajalinku. Da dare Dariyus ya sulale, ya bar marasa lafiya da jakuna a sansani don kukan jakunan ya sa a zaci rundunar tana nan.

Herodotus ya ce sauran al'adunsu ba su burge shi ba, amma a abu guda sun fi kowa dabara: wanda ya kawo musu hari ba ya tsira, kuma ba mai iya kama su in ba su so ba. Ɗan Atina da ya ji wannan ba zai kasa tuna yadda su ma suka bar wa Zaksis birninsu suka shige jirage ba. A ganina nan ne sirrin rubutun yake. Ko da yana maganar Sikitiyawa, da Girkawa yake zance, kuma kowace al'ada da ya zaɓa ya faɗa, kishiyar wata ce ta gida.

Likita da mai barkwanci da ɗan siyasa

Waɗanda suka biyo baya ba su yi sassaucinsa ba. Wani littafin likitanci da ake jingina wa Bukrat, shahararren likitan Girka, ya ɗora komai a kan yanayi. Sanyi da laima sun sa jikin Sikitiyawa ya yi taɓo-taɓo, yawan hawan doki ya kashe musu mazakuta, shi ya sa ba sa haihuwa da yawa. Mutanen Asiya kuma daɗin yanayi da mulkin sarakuna sun maida su matsorata. An sa wa son zuciya rigar ilimi ke nan.

Su kuwa talakawan Atina ba sai an ba su labarin Basikitiye ba, kullum suna ganinsa. Birnin ya sayi bayi maharba, 300 a karon farko, ya maida su dogarai masu tsare taro da kama masu laifi. Ɗan gari ba ya son ɗan'uwansa ɗan gari ya sa masa hannu, sai aka ɗora aikin a kan bawa baƙo. A wani wasan barkwanci na Aristofanis na 411 an sa irin wannan dogari gadin fursuna, yana kwaɓa Girkanci, aka turo masa yarinya mai rawa, ya bi ta, fursuna ya tsere. Dubban mutane suka yi dariyar mutumin da gobe zai iya jan su daga majalisa.

Giya ma ta shiga ciki. Girkawa na sirka ruwan inabi da ruwa, Sikitiyawa na sha tsagwaronsa. Mutanen Sifata suka ce sarkinsu Kiliyominis ya haukace ne don ya koyi sha daga jakadun Sikitiyawa, har "sha irin na Sikitiyawa" ya zama salon magana. Ba wanda ya tsaya tambayar wa ke loda tulunan a jirgi yana kai musu. A kotu kuma, tun da dokar 451 ta ce sai wanda uwa da uba 'yan Atina ne zai zama ɗan ƙasa, gorin asali ya zama makami. Demostinis, wanda ya fi kowa iya magana a zamaninsa, abokin hamayyarsa ya kira shi Basikitiye mai jin Girkanci, wai don kakarsa ta wajen uwa daga can take.

Aristotil ne ya ɗaure maganar da igiyar falsafa. Ya ce mutanen ƙasashen sanyi suna da zuciya ba basira, na Asiya suna da basira ba zuciya, Girkawa sun haɗa duka biyu. Ya ce akwai waɗanda bayi ne tun daga halitta, ya kuma kafa hujja da wani baiti na Yurifidis mai cewa daidai ne Girkawa su mulki baibayi.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba

Kuskure ne a ce bakin Girkawa ɗaya. Shi Yurifidis ɗin da aka ari baitinsa, a 415 ya kawo wasa a kan matan Taroy bayan an ci garinsu, inda uwar da za a jefo ɗanta daga kan ganuwa take cewa Girkawa ne suka ƙirƙiro mugunta irin ta baibayi. Watanni kaɗan kafin nan Atina ta kashe mazan tsibirin Melos, ta sayar da mata da yara, alhali Girkawa ne 'yan'uwanta. Masanin falsafa Aflaton ya yi ba'a ga masu raba 'yan Adam gida biyu, su ware Girkawa, su tattara sauran al'ummun da ba sa ma jin harshen juna a ƙarƙashin suna ɗaya. Herodotus ya lura cewa Misirawa ma baibayi suke kiran duk wanda ba ya jin harshensu. Ya kuma ba da labarin ranar da Dariyus ya tambayi Girkawa nawa za a biya su su ci gawar iyayensu, suka ce ba kuɗin da zai sa. Ya kira wasu Indiyawa masu wannan al'ada ya tambaye su nawa za su karɓa su ƙone gawar iyayensu kamar yadda Girkawa ke yi, suka sa ihu suka ce ya daina saɓo.

Akwai kuma Anakarsis, ɗan sarautar Sikitiyawa da aka ce ya zo Atina zamanin Solon mai tsara mata dokoki, har wasu suka lissafa shi cikin masu hikima 7 na Girka. Shi aka jingina wa maganar nan cewa doka kamar saƙar gizo-gizo ce, ta kama ƙananan ƙwari, manya su keta ta su wuce. Sai dai wannan yabo ma da walakin. Marubutan Girka sun riƙa sa masa maganganun da suke son gaya wa mutanensu. Baubawa mai tsarkin zuciya da baubawa mai shan jini duk hannu ɗaya ne ya zana su.

Abin da aka tono daga ƙasa

An daɗe ana ce wa Herodotus uban maƙaryata. Sai masu haƙar tarihi suka fara buɗe tuddan kaburbura. A Fazirik, cikin tsaunukan Altai, inda ƙanƙara ta adana komai, Sergei Rudenko ya haƙa daga 1947 zuwa 1949, ya samu sandunan ɗan tanti, da kaskon tagulla cike da duwatsu da ƙonannen irin wiwi. Ya samu gawar wani shugaba mai zane a jiki wanda aka feɗe wa fatar kai. A wasu kaburburan an tarar da dawaki fiye da 100 da gawarwakin barori. A 2023 wani bincike a kan gutsattsarin fata 45 daga kaburburan kudancin Yukren ya nuna 2 daga ciki fatar mutum ce, kuma a jikin kwarin zuba kibau aka yi amfani da ita, kamar yadda Herodotus ya faɗa.

To ashe ba ƙarya aka yi musu ba ke nan? A ɗanyen bayani, sau da yawa ba ƙarya ba ce. Zaluncin yana wurin abin da aka zaɓa aka faɗa da hukuncin da aka ɗora a kai. Ƙasar da ta fito da fatar mutum ita ce ta fito da dardumar Fazirik, mafi tsufa a irinta da aka sani, da ƙaton ganuwar Bilsk mai tsawon fiye da kilomita 30, da kaburburan mata da aka binne da kibansu. A 1971 aka tono wani abin wuya na zinare mai nauyin fiye da kilo 1 a Tovsta Mohila. A jikinsa ga maza biyu sun durƙusa suna ɗinkin rigar fata, ga yaro yana tatsar tunkiya, ga ɗan doki yana shan nono. Galibin masana na ganin maƙerin Bagirke ne, mai kuɗin Basikitiye. In Basikitiye ne ke biya, ga irin hoton da yake so a yi masa.

Wa abin ya faɗa wa?

Bayi da farko. An samu wani dutse a Atina da aka rubuta gwanjon dukiyar wani attajiri da hukuma ta ƙwace wajen 414. Bayi 16 ne, ba sunan ko ɗaya, sai ƙabila da farashi: 'yar Taras kaza, ɗan Siriya kaza, Basikitiye dirakma 144 a kuɗin Atina. Al'ummar da ke taƙama da 'yanci tana zaune a kan irin wannan kasuwa, tana bukatar bayanin da zai kwantar mata da hankali, kuma zancen baubawa shi ya ba ta.

Sunan ma ya fi masu shi tsawon rai. Bayan Sikitiyawa sun shuɗe, marubutan Rumawan gabas sun ci gaba da liƙa shi ga duk wanda ya ɓullo daga arewa a kan doki. A ƙarshen ƙarni na 16 na Miladiyya, marubucin Ingila Edmund Spenser ya yi ta kafa hujja cewa mutanen Ailan jikokin Sikitiyawa ne, don ya halatta murƙushe su. Kafin shi, a 1550, Sarkin Sifen ya tara malamai a Bayadolid su duba ko halal ne a yaƙi 'yan asalin nahiyar Amurka. Juan Ginés de Sepúlveda, wanda ya fassara littafin siyasa na Aristotil zuwa Latin, ya ce su ne ainihin bayin halitta da aka faɗa, ya kawo yankan mutane da suke yi wa gumaka a matsayin shaida. Bartolomé de las Casas ya kwashe kwana 5 yana karanta raddi, yana cewa mutanen da ke da birane da sarakuna da dokoki ba su shiga wannan sahu ba. Alƙalan suka watse ba su fitar da hukunci na bai ɗaya ba, aikin tilas a ma'adinan azurfa kuwa ya ci gaba.